Turmin Inna

Shekarar da fari ya cinye dabbobin Abzin, soja suka hana almubazzaranci a biki. Doka ce mai sauƙin bi, tunda babu abin ɓatawa. Masu kalangun Agadas sun yi kudu neman hatsi, ga auren ƙanwata ya matso. Inna ta ce ba za a kai mata ɗiya shiru kamar gawa ba.

Wasu Abzinawa mata da suka rasa raƙumansu sun yi zango bayan gidanmu. Ran bikin suka aiko aron turmin Inna. Suka ɗaure masa fatar akuya, suka yayyafa ruwa, ya zama gangarsu ta tende. Da la'asar Babarbaren unguwarmu ya fito da algaita, wani Bafillace ya kawo sarewa. Ni mai koyar da waƙar Faransa a lakwal, wato makarantar boko, tafi aka ba ni.

Sai ga jandarma, Bazabarme.

"Inna, an ce ana almubazzaranci a nan."

"Ga turmi nan, ɗana. In ka samu gero ciki, ka tafi da ni."

Ya tsaya yana muzurai, ƙafarsa na bin kiɗa. Da shi aka raka amarya.