Ranar da Na Auna Harsashin Kawu Isiyaku

Ku da kuka san Kawu Isiyaku kun san ba ya amsa sallama sai ya ture gefen rawaninsa daga kunnen hagu, ya karkata kai, ya lumshe ido yana auna muryar mutum. Sai bayan nan ya ce, "Wa alaikumus salam. Mura na tahe gare ka, ka sha karkade da zahi." Kuma sau da yawa murar takan zo! Wasu na alfahari da gona, wasu da 'ya'ya. Shi da kunnensa yake alfahari.

Ƙanen mahaifiyata ne. Da ƙuruciya ya yi aikin gadin daji, ya fito da wata tsohuwar bindiga da ruhusarta, wato takardar izinin riƙe ta, wadda yake zuwa Sinja duk shekara a sabunta masa. Lajnar masu lambu ta ƙauyenmu, wato kwamitinsu, nan gaɓar kogi kusa da Abu Hujar, ita ta damƙa masa tsaron ayaba da mangwaro daga gaduna da birai. Wannan tsaron shi ne duk matsayinsa a gari, kuma abu ɗaya yake tsoro a duniya: ranar da lajna za ta ce ya ajiye bindiga.

Ga wanda bai san harkar ba, bari in yi bayani kaɗan. Harsashin da ya fi sauti gudu yakan tsaga iska da wata ƙara kamar an kaɗa bulala. Garken gaduna na jin ta sai ya watse kafin a sake harbi, gobe ya dawo, jakuna su tsinke igiya, mata su fito suna kiran 'ya'yansu. Wanda bai kai gudun sauti ba kuwa, "tuf" kawai za ka ji. Shi ya sa Kawu ba ya harba na kanti. Da hannunsa yake sake cika kwanson da aka riga aka harba, yana rage albarushi. Aikin yana da haɗari: in an rage da yawa harsashi ya maƙale a bututu, in an ƙara kaɗan bulala ta dawo. Tsakanin biyun nan siriri ne ƙwarai, kuma Kawu da kunne yake nemo shi.

Kwanson nan fa ya fi ƙaunar su da mutane da yawa. Wata rana muna bayan boksi, motar a-kori-kura, za mu kasuwar Sinja, ɗaya ya zame daga aljihunsa ya faɗa hanya. Sai ya hau dukan rufin mota kamar an bar masa ɗa a baya. Direba ya tsaya. Fasinja cike da mota, da awaki biyu, rana na dukan kowa, Kawu ya sauka yana bin sawun taya a sunkuye.

Direba ya leƙo ya ce, "Ya hajj, don Allah! Kwanso guda ne hwa!"

Kawu bai ko ɗago ba. "Ya zol, wanga sau tara ina cika shi, bai taɓa ƙin tashi ba. Motarka sau nawa munka tura ta yau?"

Direba ya koma ya zauna. Har awakin sai da suka yi shiru.

Ma'aunin albarushinsa wani guntun kwanso ne da ya yanke ya ɗaura masa mariƙin waya. Ba mai taɓa shi. Rannan matarsa, Inna Haule, ta rasa cokalinta, ta wanke ma'aunin ta auna citta a jabana, wato gahawarsa. Kawu ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Haule, da mi kika auna citta?"

Ta ga ba mafita, ta faɗi gaskiya. Muka sa ido mu ga tashin duniya.

Ya ce, "Ba mamaki. Tun da anka ɗaura muna aure, yau ɗai jabana tah hito daidai."

Inna ta ce, "To gobe sai in auna maka da albarushin, mu ga ko ka tashi sallar asuba ba a tashe ka ba."

In ya cika sababbin harsasai yakan gwada su da hantsi. Dattawa su zauna ƙarƙashin gawo, can gefe inda ba haɗari, shi kuma ya harbi doguwar gangaren laka da ke bakin kogi. Ina yaro, shi yake faɗa musu sakamako: "Wanga ya yi bulala," ko "Wanga kwayyis." Daga baya sai ya koma tambayarsu: "Kun ji bulala?" Ni da nake taƙama da lura, ban taɓa lura da wannan canjin ba.

Na tafi birni na kama aikin rediyo, inda aka koya mini cewa duk abin da ba a auna ba, ba a faɗarsa a iska. Kawu ya raɗa mini suna Mai Labarai. Wata shekara wani abokin aikina da ya dawo daga ƙetare ya ba ni tsarabar na'urar auna gudun harsashi. 'Yar aba ce a kan ƙafafu uku, tana da idanu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Harsashi ya wuce ta samansu, sai ta lissafa gudunsa ta rubuta a fuskarta. Na ɗauko ta na taho gida hutu, har da rakodata, da niyyar in haɗa shiri a kan kimiyya da sana'ar gado.

A rakubar Kawu, rumfar da yake aiki, na baje hujjojina ɗaya bayan ɗaya. Na ce gudun sauti kansa yana canzawa da zafi da sanyi. Na ce albarushin bana ba lallai ya yi daidai da na bara ba. Na ce mai aiki a siririn wuri irin nasa bai kamata ya dogara da zato ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau ban janye ko ɗaya ba.

Kawu ya zura wa bakina ido har na gama. Ya nuna na'urar da sanda. "Jihaz ɗin ga na da kunne?"

"Ba ta da kunne, Kawu. Ido biyu gare ta."

"Ƙara muka nema, kai ka kawo muna mai kallo. Halas, gobe mu gani."

Da yamma Malam Barmo, shugaban lajna, ya ja ni gefe. "Ustaz, bar jihaz ɗin ga cikin jaka. Ka ci tuwo, ka gaida dangi, ka koma." Na yi masa murmushin da 'yan boko ke yi wa dattawa, na ce ba abin tsoro ba ne. Wallahi in na tuna murmushin nan, har yanzu sai in ji fuskata ta yi zafi.

Da hantsi gari ya taru. Na kafa na'ura taku kaɗan a gaban Kawu, na kunna rakoda. Ya durƙusa, ya saita, ya harba.

Tas! Bulala, ƙarara. Wani jaki da ke ɗaure can nesa sai da ya yi tsalle.

Kawu ya juya ga dattawa. "Kun ji bulala?"

Suka haɗa baki suna girgiza kai. "Ko kaɗan! Tamam, Malam Isiyaku, tamam."

Na dube su cikin mamaki. Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na taka na sunkuya gaban na'ura, na gyara murya irin ta labaran ƙarfe bakwai, na ce, "Mita ɗari huɗu da ashirin a daƙiƙa guda. Sauti a zafin nan bai wuce ɗari uku da hamsin ba. Harsashin ya wuce sauti."

Na ba shi baya lokacin da nake magana. Ya ce, "Mi kac ce?"

Na maimaita da ƙarfi.

"Mi?"

Na juyo na ɗaga murya yadda har masu wanki a bakin kogi suka ji: "Na ce ya wuce sauti, Kawu! Ya yi bulala!"

Sai da kalmar ƙarshe ta fita na gane. Bakina yake kallo, ba muryata yake ji ba. Dattawa duk sun sunkuyar da kai, wani na tonon ƙasa da tsinke. Shekarun bindiga sun cinye kunnen da yake alfahari da shi, gari duka ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Kawu ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Ya sa wani harsashi, ya durƙusa, ya daɗe yana saiti. Mutumin da ke sauko da biri daga ƙolin giginya ya harba, sai ga na'urata ta yi sama ta dawo gida biyu, ƙafa ɗaya can, ido ɗaya nan.

Ya hura bakin bindiga. "Subhanallahi, hannu ya kuskure. Mai Labarai, duba muna, yanzu nawa tac ce?"

Aka fashe da dariya, irin wadda ake yi don kada a yi wani abin. Ni ma na yi, ban san ta inda ta fito ba.

Bayan an watse Malam Barmo ya same ni ina tsintar tarkace. Ya ce shekara uku ke nan suna ce masa "tamam", shi kuwa yana ta ƙara albarushi kaɗan kaɗan don tsoron kada harsashi ya maƙale, tun da ba mai ce masa ya isa. Masu lambu da kansu ke fita su kori gaduna da gwangwani, su bar masa sunan. "Abin da ba a hwaɗa ba, lajna ba ta zama kansa. Kai ko ka hwaɗa, sau ukku, gaban rakoda. Akwai masu son a amshe tsaron tun bara. Yanzu dole mu zauna." Suka zauna, suka ba shi zuwa nunar mangwaro: in bulala ba ta daina ba, ya ajiye bindiga.

Kwana biyu ban fita ƙofar gida ba. A na uku na ji sanda na dukan ƙafar angarib, gadon igiyar da nake kwance a kai.

"Tashi. Na kashe jihaz, kai za ka maye gurbinta. Garin ga duk kunya ta cinye su. Kai ɗai Allah ya raba da ita, to bari mu ci amfaninka."

Ban taɓa jin zagi mai daɗi kamar wannan ba. Muka yi yarjejeniya: in tsaya gefen gawo, in na ji bulala in ɗaga hannu, ba magana. Kwana shida muna abu ɗaya. Ya harba, in ɗaga hannu, ya yi tsaki, ya zura sanda ya tabbatar bututu ba komai, ya koma rakuba ya sake awo. Wani lokaci ya daka mini tsawa daga nesa: "Sauke hannun ga, ko ƙudaje kaka kora?" Ba na saukewa. A rana ta shida aka ji "tuf", hannuna bai motsa ba. Ya harba uku a jere, duk haka. Mangwaro ya nuna, lajna ta bar masa tsaronsa.

Daga nan duk hutun da na zo, kafin in kwance jaka sai an kai ni gindin gawo. Shekara huɗu ina wannan aikin. In wani ya tambaye ni ko mai cika irin wannan harsashi yana bukatar na'ura, nakan ce yana bukata, don ba kowa ke da ɗan 'yar'uwa marar kunya ba, kuma ko shi ma ba abin dogaro ba ne. Ga dalili.

Zuwana na ƙarshe na tarar hannunsa ya fara rawa. Na ga albarushi na zuba a tabarma yana awo, na kau da kai. Muka je bakin kogi, mu biyu kawai. Da ƙyar ya durƙusa. Ya harba.

Tas!

Ya juyo yana duban hannuna. Na ga yadda jallabiya ta yi masa yawa, na ga yadda yake jira. Hannun nan ya yi mini nauyi kamar buhun dawa. Ban ɗaga ba. Na ma ƙara da ɗaga murya, yadda zai karanta bakina daga nesa: "Tamam, Kawu!"

Ashe ba ni kaɗai yake kallo ba. A bayana, can tsallaken kogi, balbelu sun tashi daga itatuwa fari fat, suna ta watsewa. Ya bi su da ido har suka ɓace, sannan ya dogara sanda ya tako inda nake.

"Su waɗancan hwa? Biki anka kira su?"

Na waiga, na ga itatuwan sun koma wayam.

Ya dafa kafaɗata, ya ce a hankali, "Kaico, Mai Labarai. Kai ma ka zama ɗan gari."

Ya zare kwanson ya sa a aljihu, ya naɗe bindigar a tsumma. Washegari ya shiga boksi shi kaɗai ya kai ta Sinja ya miƙa wa hukuma, da ita da ruhusar, bai jira lajna ta zauna ba. Na ce in raka shi, ya ce a'a. Da daminar da ta biyo ya rasu, ina birni ina karanta labarai.

Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku, ya yalwata masa kabari, ya sa ya huta. Ni kuma Allah ya yafe mini abin da na faɗa da ƙarfi a gaban jama'a, da abin da na kasa faɗa masa muna mu biyu. Amin.