Ɗan Farin Inusa Mai Usur

Har yau in na ji mutum ya ce, "Ai an buga a jarida," kamar wanda ya jawo aya, sai raina ya ɓaci, in tuna Inusa Mai Usur. Na ga abin da takarda ta yi wa mutumin nan da idona, kuma ban yafe ba.

Inusa haifaffen Matameye ne, mai gyaran keke a bakin kasuwa. Rumfarsa tana jingine da tawa, ni Illa baduku. Kamar yawancin mazan garinmu, da an ɗaure gero an sayar da gyaɗa yakan tsallaka Kano cin rani. Can ya yi dako har kafaɗarsa ta yi kanta, can kuma ya ga ana buga ƙwallo, abin ya shiga ransa ya ƙi fita. Mutane suna dawowa da turmin atamfa da fitilar ƙwai, shi ya dawo da ƙwallo a buhu da usur a wuya. Uwarsa, tsohuwa Baiwa, ta ce a duk 'ya'yanta shi kaɗai ya je har Kano ya sayo iska a cikin fata.

Shi ya tara mu muka share fili a bayan kasuwa. Ƙarangiyar da muka tsince a wurin nan da hannu, Allah kaɗai ya san yawanta, don ba mai takalmi a cikinmu. Ya kafa azara biyu nan, biyu can. In robar ciki ta fashe shi yake yi mata faci, in fatar ta yage ni nake ɗinkewa. Da haka ya sa ni tsaron gida, wai tunda ni nake shan wahalar ɗinki, zan fi kowa tausayin ƙwallon in kama ta.

Ba zan ce Inusa mai sanyin hali ba ne. Masifaffe ne. In ka makara sai ka zagaya fili da gudu har ka ga duhu-duhu. Yana kiran kowa da sunansa da na ubansa, ya haɗa da zagin da zai sa 'yan kallo su faɗi don dariya. Amma ba ya cin zalin kowa. Ɗan mai kuɗi da ɗan mai jaki, wanda ya fi iyawa shi yake bugawa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kiran sunansa a filin nan ba, shi ne Ummaru, ɗansa na fari. Kowa ya san yadda abin yake a wurinmu. Uba ba ya ambaton sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya ma son a gan su suna hira. Tun da aka yaye Ummaru a ɗakin kakarsa Baiwa ya tashi. Inusa ma bai so ya shigo ƙungiya ba, mu muka matsa, don mun ga yadda saurayin yake wulaƙanta mu da ƙwallo kafin uban ya iso fili. Da ya shigo, sai na zama bakin Inusa. "Illa, gaya wa wancan ya daina riƙe balo kamar gadon ubansa." Ni kuma in ƙwala wa Ummaru kira daga can baya, alhali yana tsaye kusa da uban, ya ji komai da kunnensa. In Ummaru ya ci ƙwallo, gari ya ɗauki sowa, Inusa sai ya sunkuya yana neman ƙaya a tafin ƙafarsa.

A kakar 1957 'yan ƙwallon Damagaram suka zo mana a kamiyo, babbar motar kaya, yawancinsu ma'aikatan gwamnati da 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, da takalma da riguna iri ɗaya. Tare da su akwai wani Mushe Salisu, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, mai rubuta labarin wasanni a wata 'yar jarida da samarin ma'aikata suke bugawa a can, rabi Faransanci rabi Hausa. Ya sauka a gidan wani abokinsa, akawun kantin sayen gyaɗa da aka turo garinmu. Wannan akawu ya daɗe yana son Inusa ya sa shi a gaba, wurin da Ummaru yake bugawa. Inusa ya gwada shi ya ga in ya yi gudu kaɗan sai ya dafa gwiwa yana haki, ya ce ya jira.

Sun ci mu uku da biyu. Biyun nan namu duka Ummaru ya ci su, ta biyun ma sai da ya wuce mutum uku masu takalmi, ƙafarsa tana jini. Ana dab da tashi ya sami wata, ya buga ta tashi sama da azara. Ba wanda ya ga laifinsa. Su kansu baƙin sun zo sun riƙe hannunsa.

Muna tsaye ana shan ruwa, jama'a sun kewaye mu, sai Mushe Salisu ya matso da fensir a hannu. Duk tsawon wasan yana zaune a inuwa tare da akawun nan suna cin gyaɗa.

"Kai ne shugaban ƙungiyar?"

"Ni ne, Mushe," in ji Inusa.

"Wancan da ya ɓarar da ƙwallon ƙarshe, an ce mini ɗanka ne."

Inusa ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa.

"To, gaya mini a gaban jama'a. Ya fi sauran iyawa ne ka sa shi a gaba?"

Wani dattijo ya yi gyaran murya don a bar maganar. Inusa ya ce abin da duk uba mai kunya zai ce: "Yaro ne, Mushe, bai iya komai ba." Jama'a suka yi dariya, don kowa ya san me ake nufi, aka watse.

Jaridar ta iso a motar gyaɗa, wani ɗan lakwal ya karanta mana ita a rumfar tela ranar kasuwa. Cewa aka yi Matameye tana da samari masu ƙarfi amma ba ta da shugaba. Wai mai horar da su ya mai da ƙungiyar gari gonar gidansu, ya zaunar da ƙwararren ɗan wasa mai ilimi, ya sa ɗan cikinsa. Wai da aka tambaye shi, da bakinsa ya amsa cewa ɗan nasa bai iya komai ba. Aka ba da labarin ƙwallon da Ummaru ya ɓarar dalla-dalla. Biyun da ya ci kuwa, an ce dai Matameye ta ci biyu, kamar iska ce ta kaɗa su ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba rubutun ba ne, mutanen garinmu ne. Mutanen da suka yi ihu ranar nan har muryarsu ta dushe, su ne yanzu suke karkata kai suna cewa, "To, ka san fa mai rubutu ba ya rubutu a banza." Sun ga abu da idonsu da rana tsaka, amma takarda ta zo daga birni da baƙin inji, sai suka fara zargin idanun nasu. Kafin mako ya zagayo, in Inusa ya wuce sai ka ji ana cewa ga mai gonar ƙwallo. Wasu cikin 'yan wasa suka daina zuwa fili. Masu zuwan kuma in ya yi musu tsawa sai su kalli Ummaru su yi murmushi.

Na kasa haƙuri. Na rufe rumfa na hau kan buhunan gyaɗa har Damagaram, na yi ta tambaya har na sami Mushe Salisu a wurin aikinsa. Ya gane ni, ya ma ba ni kujera.

Na ce, "Mushe, kai ba Bahaushe ba ne?"

"Bahaushe ne ni, gaba da baya."

"Kana da ɗan fari?"

"Ina da shi."

"Kana tsayawa a kasuwa ka yabe shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam Illa, wannan maganar gida ce. Jarida aikinta ta rubuta abin da mutum ya faɗa. Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa. Amma ka san dalili."

"Ni dalili ba ya shiga inji. In yana ganin an zalunce shi, ya zo nan ya ce mini ɗansa ya fi kowa iya ƙwallo a Matameye, in buga da sunansa. Ƙofa a buɗe take. Ka ga adalci ya wuce wannan?"

Da Bature ne ya yi haka, da na ce bai san mu ba. Wannan kuwa ya san mu sarai. Ya san inda Bahaushe ba ya iya buɗe baki, nan ya je ya yi tambayarsa, yanzu kuma yana kiran abin adalci. Na tashi ban yi masa sallama ba, don da na ƙara zama da na aikata abin da zai kai ni gaban kumandan, Baturen mulki.

Na dawo na gaya wa Inusa a zauren gidansu. Tsohuwa Baiwa tana jinmu daga ciki, ta fito da sandarta.

"Inusa, tashi ka je ka faɗa. Kunyar me? Ni na raine shi, ni na ce ka je. Jikana yana kwana ba ya cin tuwo, kai kana nan kana kunya."

"Inna, a buga a takarda ina yabon ɗan fari? A karanta a Kance, a karanta a Ɗan Barto? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Da idon da kake kallonsu yanzu suna yi maka dariya."

Bai je ba. Na san ya so, don na gan shi wata safiya da wankakkiyar riga yana tsaye kusa da tasha, amma motar ta cika ta tashi yana kallo. Da la'asar ɗin ranar ya kira ni gefen fili, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Gaya wa wancan ya huta. Akawu zai buga gaba."

Na ce, "Maigida, wannan ba daidai ba ne, kai ma ka sani."

"In bai fita ba ƙungiyar za ta watse. Je ka gaya masa."

Na sami Ummaru yana ɗaure tsumma a yatsan da aka taka masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya Illa, don Allah ka gaya mini gaskiya. Kullum kuna tare a rumfa. Ya taɓa ce maka na iya, ko sau ɗaya, ko a ɓoye?"

Na ce masa kowa ya san uban yana alfahari da shi. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba. To, bai taɓa faɗa ba, kuma Ummaru ya gani a fuskata. Da maganar da uban ya yi ta tsaya a fili, da ta bi iska kamar yadda irinta take bi. Amma an buga ta, an karanta masa ita a gaban abokansa, an sake karantawa, har ta zauna a ransa ta zama gaskiya. Ya kwance tsumman ya tafi gida. Da ayarin 'yan cin rani na gaba ya tashi, yana cikinsu.

Akawu ya buga gaba duk ranin nan, muka yi ta shan kashi har a hannun 'yan Yauri, ƙauyen da ke kusa da mu, waɗanda mu muka koya musu wasan. Sai ga jarida ta sake zuwa. Mushe Salisu ya rubuta cewa shugaban ƙungiyar Matameye ya ji shawara ya gyara halinsa, ya zama abin koyi wajen adalci, kuma wannan ya nuna amfanin jarida. Mutanen nan dai da suka yi masa dariya suka riƙa zuwa rumfa suna yi masa barka. Yana amsawa, "Madalla, madalla," yana ta goga faci a taya ɗaya.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, 'yan cin rani suka soma dawowa don shuka. Inusa ya tsiri kai kayan gyaransa kusa da tasha, wai can aka fi samun masu keke. Ranar da babbar motar 'yan unguwarmu ta iso ina tare da shi. Suka yi ta sauka da akwatuna da tabarmi, mata da yara suna murna, yana bin kowace fuska da ido har motar ta zama wayam. Uba ba ya tambayar labarin ɗan fari a cikin taro, don haka ni na tare Sule, wanda suka tafi tare da Ummaru, na tambaye shi da ƙarfi yadda Inusa zai ji.

Sule ya ce Ummaru yana lafiya. Ya sami aiki a wani kamfani, yana buga musu ƙwallo, har takalmi sun ba shi. Ya ce a gaida kakarsa. Ya ce kuma kada a ajiye masa gona, bana ko baɗi.

Inusa yana tsugune da famfon keke a hannu. Na ga ya buɗe baki zai yi magana, na matsa kusa don in ji abin da zai aika a gaya wa ɗansa.

Ya ce, "Illa, tambaye shi ko an yi ruwa a Kano."