Butar Malam da Haruffa Huɗu

Kaka ce, a shekarar da gyaɗa ta yi kyau har muka rasa wurin zuba ta. Kowa a ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta fuskarsa a sake, ni kaɗai hankalina na kan buta. Da, sau biyu nake cika wa Malam, maigidana, butarsa a yini. A kakar nan sai da ta kai sau shida. Ya zaga bayi, ya daɗe, ya fito, an jima ya koma. Haka yayansa ya fara kafin ciwon dajin mafitsara ya ɗauke shi.

Mazan gidansu duk masu jiki ne. Ni kuma na daɗe ina alfahari da tumbin Malam, don a wurinmu shaida ce mace ta iya riƙon miji. Man shanu ba ya yankewa a tuwonsa. In an yi masa zancen asibiti sai ya shafa cikin ya ce, "Mai ciwo ne zai ajiye wannan rumbu?"

'Yata ta biyu, mai karatun gwajin jini a Kano, ta zo hutu ta tarar ina ware zangarniyar geron da za mu ajiye iri. Na gaya mata zancen buta, idona a kan gero.

Ta ce, "Inna, me ya sa kike zaɓen masu kaurin nan?"

"Don 'ya'yansu su biyo su mana."

"To mutum ma haka yake. A cikin jininsa akwai rubutu, rabi daga uwa, rabi daga uba. Da haruffa huɗu kacal aka yi shi."

Na ajiye zangarniyar. Ni da na shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci kafin na haɗa baƙaƙe da wasula, ashe tun ina ciki a rubuce nake. Tsawona, wushiryar da na gadar wa 'yata, duk da haruffa huɗun nan aka rubuta su. Na dubi jijiyar bayan hannuna na daɗe, na ce Subhanallahi a hankali.

Ta ce masana suna karanta rubutun nan a jinin maza masu yawa, su ware waɗanda suka gaji ƙiba, su ga ko ciwon ya fi bin su. Ba su gama tantancewa ba. Amma ƙiba takan ɓoye alamar ciwon a gwaji, ga shi kuma wanda ɗan'uwansa ya yi, ya fi kusa da shi.

"Ke nan ni na ɓoye shi da man shanu?"

Ta yi dariya. "Inna, tumbin Baba ya girmi aurenku. Ke ƙari kika yi. Ki sa shi ya je kawai, ni ba zan iya yi masa wannan magana ba."

Ni ma bakina ba zai iya ba. Amma hannuna ya iya.

Washegari bayan asuba na yagi takarda daga tsohon littafina na makaranta, na rubuta: "Malam, na ƙirga buta. Ka tuna Yaya. Ka je a karanta jininka." Na sa a cikin hularsa, na koma gindin murhu ina dama koko. Ya daɗe a ɗaki. Sai na ji ya ce, "Ina farar rigata? Ki ce wa likitar taki ta shirya, kada motar Kano ta cika."