Lurun Inna a Ƙofar Malam Jabbi

Bana shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran kakana Bube, marinin Ƙofar Marke. Ina ɗan shekara tara ya rasu. Inna, matarsa, wadda nake kira matata tun da ya bar mini ita, ta ce in zan sa labarinsa a jarida kada in zuba gishiri. Na yi mata alkawarin ragewa, ban ce zan bari ba.

Kaka gajere ne, hannuwansa sun sha baba har na yi imani in ya yi alwala a gulbi sai kifayen Kwalkwalawa su koma shuɗɗa. Amma ba rini ne ya sa birni ya san shi ba. Tun ba a haife ni ba, wani Bayarabe ya zo daga Ikko da akwatin hoto mai ƙafa uku, aka laƙaba masa Mai Akwati. Ya taho da zanen da ake ratayawa bayan mutum, an zana masa matakalar bene da tukwanen furanni. Dattawa suka ce faufau, ba za su zauna gaban gidan Nasara su bar wa jikoki shaida ba. Sai Kaka ya saro gwafa biyu, ya gitta gora, ya ce abin ratayawa a bar masa.

Ranar farko ya so ya burge. Ya rataya turkuɗi mafi ƙyalli a marinarsa. Wani attajiri baƙi ya iso cikin baƙar riga da baƙin rawani, ya hakimce. Da aka wanke hoton, babu attajiri, sai idanu biyu da farar tasbaha suna reto cikin duhu. Inna ta ce mutumin ya yi mako bai amsa gaisuwar Kaka ba. Ni na ce shekara.

Daga nan ya koyi aikin. Mai baƙar riga a ba shi farin zane, mai farar riga a ba shi saƙi. Yakan guntsi ruwa ya fesa wa zane har ya miƙe, ya naɗe duwatsu a bakinsa na ƙasa saboda iska, ya ja baya ya kanne ido, ya dawo ya ɗaga gwafa da faɗin yatsa ɗaya. Mai Akwati yana cikin baƙin ƙyallensa yana narkewa, yana kiran, "Baba Bube, mutum nake ɗauka, ba zane ba!"

Yau an buɗe shagon hoto bakin kasuwa, da zane mai jirgin sama. Abokaina da ko jaki bai yarda da su ba sun tsaya gabansa kamar su suka tuƙo shi. Nakan ce da Kaka zai leƙo, jirgin ba zai dame shi ba. Gefen da ya saki zai fara ja. Sa'an nan ya tambayi mai shago abin da yake rufawa, tun da bangonsa lafiya lau yake. Shi a wurinsa zane sutura ne, aikinsa ya tsaya tsakanin mutum da abin da ba ya so a gani.

Shekara guda kafin rasuwarsa, damina ta rushe katangar maƙwabcinmu Malam Jabbi, ciwo kuma ya kayar da shi. Ɗansa tilo, Ummaru, ya yi shekaru a hanyar Makka da ƙafa, har ya kai ƙasar Sudan. Sai ga saƙo cewa labari ya iske shi, zai juyo gida. Malam Jabbi ya ƙi barci ya ƙi abinci. Yaro ya kusa ganin Ka'aba, ya juyo saboda katanga? Wasiƙa ba za ta yi ba, don Ummaru ya san ubansa, ko a bakin kada yake zai rubuta lafiya lau. Gani ya kori ji, sai hoto, a ba ayarin da ke shirin tashi.

Matsalar ita ce dole ƙofar zauren ta fito don Ummaru ya shaida gida, ga kuma tarin ƙasa daga jikinta har inda ido ya tsaya. Kaka ya kafa gwafa ɗaya jikin ƙofa, ɗaya can ƙarshen ɓaraguzai, ya gwada duk zanen da ya mallaka, babu wanda ya kai. Abu ɗaya ne a unguwar mai wannan tsawo, lurun auren Inna, bargon saƙa mai ratsin fari da shuɗi, wanda ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya sauka kansa. Lurun bai taɓa ƙetare ƙofar ɗakinta ba.

"Mi za ka yi da shi?" in ji Inna.

"Bangon Jabbi za shi zama, na rabin sa'a."

"Tun da anka kawo ni gidanga ko kai ba ka lulluɓa da shi ba."

"To ai ba ni nir roƙa ba, Ummaru na."

Inna ta shige ɗaki. Ita ta ɗauko shi da kanta. Aka rataya, aka zaunar da Malam Jabbi kan buzu da riga ta aro, Kaka da maƙwabta biyu suka durƙusa bayan luru cikin laka suna riƙe da bakinsa, iska na neman tafiya da su Argungu. Mai Akwati ya ɗauka, hoton ya bi ayari. Ummaru bai juyo ba. Malam Jabbi ya rayu har ya ji ɗansa ya sauke farali, amma bai rayu ya gan shi ba.

Wannan ya daɗe yana cin raina. Na sha tambayar kaina ko Kaka taimako ya yi ko yaudara, tun da ya raba ɗa da ganin ubansa na ƙarshe. Bara da Alhaji Ummaru ya dawo, ya shigo yi wa Inna ta'aziyya, na laɓe ina jiran faɗa. Ya zaro hoton daga cikin gafaka, duk ya koɗe.

"Inna, ran da nig gane shi na san katanga ta hwaɗi," ya ce. "Wa ka rataya luru bisa bango mai lahiya? Amma nic ce, in har lurunki ya hito waje, tsohona ba shi kaɗai ba ne. Shi yas sa nit tahi."

Inna ta rufe fuska da gyale.

Marinar Kaka ta cike, gwafannin an hura wuta da su. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya da ya kai inda ya nufa da zuciya a kwance. Allah ya rufa wa Kaka Bube asiri ranar da babu zanen ratayawa.