Kafinta da Gwangwanin Madara

Ranar an tashi da yayyafi, irin wanda ba ya hana fita amma yana kumbura katako. Kafinta yana shagonsa yana haɗa ƙyaure, sai guduma ta kuɓuce masa ta faɗi ƙasa. Shekara talatin da takwas yana wannan sana'a, guduma ba ta taɓa barin hannunsa ba sai in shi ya ajiye ta. Ya sunkuya zai ɗauka, gwiwar hannunsa ta dama ta ƙi.

Ashe ta jima tana masa zafi, ɓoyewa yake yi. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce jijiyar ta ɗan tsage. Hanya biyu ce: ko a yi tiyata a ɗinke, ko ya yi watanni yana zuwa sashen gashin ƙashi, in abin ya ƙi sannan a koma ga wuƙa. Shi dai abin da ya dame shi ɗaya ne, ko hannun zai koma aiki.

Ƙanensa, direban babbar mota, ya ce, "Yaya, a yanka a ɗinke kawai a huta."

Kafinta ya girgiza kai. "Ni katako in ya tsage ba na fara masa da zarto. Mannewa nake yi, in ɗaure, in ba shi lokaci."

Gashin ya zaɓa. To amma da malamar sashen ta ce ya riƙa motsa hannun kullum, shi a ganinsa ai ba motsin da ya kai aiki. Ya koma shago ya kwana uku yana buga ƙusa. Hannu ya kumbura har riga ta ƙi shiga.

"Baba, motsi na ce, ban ce ka gina gari ba," in ji malamar. Ta miƙo masa ƙaramin gwangwanin madara. Zai ɗora hannun bisa tebur, ya ɗaga gwangwanin da taimakon hagu, ya sauke shi a hankali, safe da yamma.

Mutumin da ke saɓa ƙyaure shi kaɗai, ga shi a tsakar gida yana fama da gwangwani. Matarsa ta zo wucewa da tsintsiya ta ce, "Malam, in ya yi maka nauyi ka yi magana in kama maka."

Shi dai bai tsallake ko rana ɗaya ba. Daga gwangwani ya koma gorar ruwa. A wata na huɗu ya cire ƙotocin kayan aikinsa duka ya sassaƙa masu kauri, don malamar ta ce sirirriyar ƙota ce ke sa shi damƙa da ƙarfi. A wata na shida likita ya murɗa hannun, ya matsa, ya ce maganar tiyata ta wuce.

Yanzu yana nan a shagonsa, yana aiki daga safe zuwa azahar. Manyan ƙyamare ya bar wa wasu, kujeru da tebura yake yi, kuma mai son nasa sai ya jira sati uku.