Safiatu Mai Tallafe Kan Masu Farfaɗiya

Gefen mayafin Safiatu na dama ya fi na hagu koɗewa. Da shi take share kumfar bakin masu farfaɗiya, shi ya sa ya fi shan sabulu. Kullum da sassafe takan fito daga unguwarmu ta Zango, ta ratsa kasuwar Kejetia zuwa asibitin da take wankin kwalaben gwajin jini, tana kuma yi wa likita tafinta. Da la'asar sai ta bi gidaje: wa ya sha magani, wa ya faɗi yau.

A unguwarmu, in mutum ya faɗi, da'ira ake yi daga nesa, don an ce wanda kumfar ta taɓa ya ɗauka. Safiatu ce ke keta da'irar. 'Yan dako sun ga ranar da ta durƙusa cikin taɓo a tasha, ta ɗora kan wani baƙo a cinyarta har ya farfaɗo. Ke ce matashin kan wanda ƙasa ta kira, Safiatu.

Ba kowa ke son jin wannan yabo ba. Barkisu mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, uwar Mamuna, ta fi kowa ƙin sa. Likita ya ce ƙwayar tsutsa ce ta maƙale a kan 'yarta, Safiatu ta fassara mata: jikin yarinyar ne ke yaƙi da tsutsar, wurin ya kumbura, sai ta faɗi; kumfar ba ta kama kowa. Barkisu ta ji, amma in abin ya zo, ƙafafunta ba sa yarda. Tana tsaye a bakin ƙofa wata ke rungume mata 'ya. Da Mamuna ta buɗe ido kuwa, abin da take fara cewa shi ne, "Mma Safiatu."

"Likitar Zango, sannu da zuwa," Barkisu kan ce. "Kin zo duba 'yarki? Ni ai mai dafa mata abinci ce kawai."

"To zuba min nawa, da yaji," in ji Safiatu.

Barkisu takan zuba, amma ƙanzo.

A ƙarshen 1969 dokar korar baƙi ta zo. Safiatu a nan ta girma, amma iyayenta daga Nijar suka zo, ba ta da takarda. Barkisu ta ji daɗi na yini guda, sannan ta kasa cin abinci. Wa zai riƙe Mamuna?

Ranar tafiya Safiatu ta shigo gidan su Barkisu sallama da ƙunshinta a ka. Ana cikin gaisawa Mamuna ta yi ƙara ta zube kusa da murhu. Matan gida suka ja baya. Safiatu ta ture tukunyar da ke kan murhun da ƙafa, ta tsaya.

"Yaya Safiatu, me kike jira?" in ji Barkisu.

"Kaya ne a kaina."

"Ki sauke mana, don Allah!"

"Gobe ma zan sauke? Juya ta kan gefenta. Kada ki sa mata cokali a baki."

Barkisu ta zage ta, zagi na gaske, tana kuka. Sannan ta durƙusa. Ta tura hannu ƙarƙashin kan 'yarta, kumfa ta gangaro mata har gwiwar hannu, ba ta janye ba.

Mun gode, Safiatu. Shekaru kina yi mana abin da muke gudu, muna jin haushinki don kin iya. Allah Ya kai ki lafiya, Ya saka miki. Mu da muka rage, in wani ya faɗi a gabanmu, mu matsa kusa. Babu sauran wanda za a aika a kira.

Jikin Mamuna ya lafa. Ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon fuskar da ke samanta.

"Mma," ta ce, ba ta ƙara wani suna ba.

Barkisu ta ɗago kai don ta tabbata an ji. Safiatu ta riga ta gyara ƙunshinta, ta bi ta zaure ta fita.