Binnen Yaya Sale

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, Allah Ya jiƙansa. Har ya bar duniya ina ɗauka cewa kasada suna ne da ake sakaya rashin tunani da shi. A ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa, idan aka ce wane ɗan kasada ne ba yabo ake nufi ba; ana nufin kada ka ba shi ajiya, kada ka hau bayan babur ɗinsa. Haka ake kiran Yaya Sale, kuma ni ƙanensa da na je jami'a na fi kowa yarda da sunan.

Binne ne ya jawo masa. Tun cikin bazara, ƙasa a bushe, yakan saɓi sungumi ya shuka gero ya rufe, ya bar shi ya jira ruwan fari. Wasu ma suna yi, amma a gefen gona kawai. Shi kuwa gandun da mahaifinmu ya bar mana yake binnewa kusan gaba ɗaya. Idan ruwan ya zo da ƙarfi, geronsa ya riga na kowa. Idan yayyafi aka yi aka ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone.

Ina koyarwa a birnin Kano a lokacin. Na zo gida wata Juma'a na tarar ya gama binne, na zaunar da shi a zaure na karanta masa abin da na sani game da sauyin damina. Na ce ba zan bari a yi caca da abincin gida biyu ba, a raba gonar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce:

"Malam Habu, kai albashinka ba ya jiran hadari. Ni jiran ma kasada ne."

Aka kira mai unguwa da kawunmu, aka raba. Na ba wani maƙwabci kasona ya riƙa nomawa. A shekarar kuwa yayyafi aka yi, binnen ya ƙone. Na yi gaskiya, kuma ina jin kunyar faɗin cewa na ji daɗin hakan.

Sai a zaman makokinsa na fahimci maganarsa. Matarsa, Yaya Hinde, ta ce mini bai taɓa binne irinsa duka ba. Kowace shekara yakan rataye wani kaso a rufin ɗakinta, da shi ya sake shuka a waccan shekarar, bai roƙi kowa ba. Ta ce abin da yake gudu shi ne tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba. Kwana goman da binne ke sa geronsa ya riga na kowa nuna, su ne tsakanin yara su ci tumu da su kwana da kunu tsararo. Ba shi da shanun huɗa, kuma ranar ruwan fari kowa gonarsa yake, ba a samun hannu. Shekaru ina hukunta shi, ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Yau kalmar ta sauya tufafi. A kasuwar Dawanau na ji ana nuna wani matashi mai tura riɗi ƙasashen waje ana cewa ɗan kasada ne, cikin sha'awa. A tarukan koyar da sana'a ana gaya wa ɗalibai cewa wanda ba ya kasada ba ya kafa kamfani, kuma ni kaina na tafa. Da kalmar dai ake kiran wanda ya sayar da gonar gado ya bi hanyar hamada, da wanda ya zuba jarinsa a wata harka ta cikin waya da bai san mai ita ba. Nakan tambayi kaina me Yaya Sale zai ce. Ina jin zai yi dariyar cewa sunan da aka zage shi da shi ya zama abin koyarwa a aji. Daga nan sai ya tambayi kowannensu abin da ya ajiye a gida idan abin ya ƙi.

Ba zan mai da shi waliyyi ba. Yana da taurin kai, kuma da ya yi mini bayani da wataƙila ba a kira mai unguwa ba. Amma shi ya san abin da yake sa wa a haɗari, domin da shi yake kwana. Ni da nake kiran kaina mai hattara, ban sa komai nawa ba. Na dai raba shi da rabin ƙasar da yake ci da iyalinsa, ya yi shekara shida yana noma ragowar bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Shekara biyu bayan rasuwarsa na karɓo kasona na damƙa wa babban ɗansa, Nasiru. Gonar ta koma ɗaya. Bana ya shuka ta tun kafin ruwa ya sauka. Bai nemi shawarata ba, ni ma ban ba shi ba.